Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dakta Musonda Mumba: A Bar Wa Fadamar Gishiri Wurin Ja Da Baya

Zuwa ga Dakta Musonda Mumba,
Babbar Sakatariyar Yarjejeniyar Ramsar Kan Dausayi,
Gland, Suwizalan.

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ki da dukan ma'aikatan ofishinki. Na rubuto ne a kan wani ɓangare na amanar da aka damƙa miki wanda masu yi masa kuka ba su da yawa, wato fadamar gishiri ta bakin teku. Dazukan mangurob, itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar ƙasashe masu zafi, sun samu ranarsu ta duniya, 26 ga Yuli. Sun samu cibiyar ƙasa da ƙasa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, aka kuma shelanta neman musu dala biliyan 4 a taron sauyin yanayi da aka yi a Masar a 2022. Ciyawar ƙarƙashin teku ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata 1 ga Maris. Ban ƙi ba, sun cancanta. Sai dai 'yar'uwarsu ta uku, wadda ba ta da itatuwan da za a ɗauka a hoto, ba ta da ruwa garai-garai na masu ninƙaya, sai laka da ciyawa da sauro, kullum a wutsiyar magana ake ambatonta.

Tun da wasiƙar a buɗe take, ki yi mini uzuri in ɗan yi wa masu karatu bayanin abin da kin fi ni sani. A gaɓar da ruwa ya lafa, kamar bayan tsibiri ko inda kogi ya faɗa teku, ana samun shimfiɗaɗɗen fili na laka. Teku ya ciko ya shanye shi, bayan 'yan sa'o'i ya janye ya bar shi, a yawancin gaɓoɓi sau biyu tsakanin yini da dare. Shukar da ba ta saba ba gishiri zai ƙone ta cikin kwanaki, amma akwai ciyayi da ƙananan tsirrai masu kaurin ganye da nan ne gidansu. Sun fi yawa a ƙasashe masu sanyi inda mangurob ba ya iya rayuwa, daga arewacin Rasha da Kanada zuwa Ajantina da Ostareliya, har da Langebaan da Knysna a Afirka ta Kudu. Idan aka tattara dukan abin da taswirorin zamani suka gano a duniya, tsakanin murabba'in kilomita 53,000 ne zuwa 55,000. Bai ma kai girman ƙasar Togo ba.

Duk lokacin da teku ya ciko, da laka yake zuwa a cikinsa. Da ruwan ya shiga tsakanin ciyayi sai gudunsa ya ragu, lakar ta kwanta, ya koma ya bar ta. A ƙarƙashi kuma saiwoyi na yaɗuwa suna mutuwa, sababbi na hawa kansu. Da haka ƙasar ke ƙara tudu, 'yan milimitoci a shekara. Fadamar da kanta take gina kanta, kuma idan teku ya ɗaga tana iya ɗagawa tare da shi muddin laka na zuwa. In hawan ya fi ƙarfinta sai ta ja da baya: gefen da ke fuskantar teku ya nutse, ciyayin su kama sabon wuri ta ɓangaren tudu. Shekaru dubbai ta yi tana wannan tafiya. Kuma wannan ja da bayan ne ya sa na ɗauki alƙalami, zan dawo kansa.

Abin da take yi wa mutane an auna shi. A wani bincike da aka buga a 2014, masana sun yanko fadama ta gaske da ciyayinta, suka shimfiɗa ta tsawon mita 40 a cikin doguwar magudanar gwajin igiyar ruwa da ke Hanover a Jamus, suka sakar mata raƙuman ruwa irin na guguwa a ruwa mai zurfin mita 2. Raƙuman suka rage tsawo, kuma har kashi 60 cikin 100 na ragin ciyayin ne suka jawo shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ko da ƙarfin ruwan ya kwantar da ciyayin ya karairaya su, ƙasar da ke ƙarƙashi ba ta zaizaye ba, saiwoyi sun riƙe ta gam. Waɗanda suka bi tsofaffin taswirori da bayanan ambaliyar 1717 da ta 1953 a Holan sun tarar da abu mai kama da haka: inda fadama ke da faɗi a gaban jinga, fashewar jingar ta fi ƙaranci, inda kuma ta fashe ɓarakar ba ta yi zurfi sosai ba. Ambaliyar 1953 ta ci rai 1,836 a Holan kaɗai, don haka mutanen can sun san muhimmancin zurfin ɓaraka. A Amurka ma an ƙiyasta cewa dausayin bakin teku ya rage asarar dukiya ta dala miliyan 625 lokacin mahaukaciyar guguwar Sandy ta 2012.

Gaskiya ɗaya ce, fadama ba za ta tare kowace ambaliya ba, kuma inda babban birni ya zauna a bakin ruwa ba makawa sai an yi katanga. Amma katangar da ke da fadama a gabanta ta fi sauƙin gini, ta fi daɗewa.

Sai batun kabon. Lakar fadama a jiƙe take kullum, iskar oksijin ba ta ratsa ta, don haka matattun saiwoyi ba sa ruɓewa da wuri, binne su ake yi shekara bisa shekara. Ƙiyasin da masana suka fi ambata ya haura giram 200 na kabon a kowace murabba'in mita a shekara, ninkin ba ninkin abin da ƙasar daji ke binnewa. Akwai kuma wata baiwa da gishirin ya ba ta. Dausayin ruwan daɗi na fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon dayokzaid ɗumama duniya nesa ba kusa ba. A ruwan teku akwai sinadarin salfet, ƙwayoyin bakteriyar da ke rayuwa a kansa kuma suna danne masu samar da metan. Shi ya sa idan aka toshe wa fadama ruwan teku da titi ko ƙaramin kwalbati, ruwanta ya salamce, sai ta koma mai fitar da iskar da a da take hanawa. Ga kuma 'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa da ke girma a cikin ƙoramunta kafin su fita teku, ga tsuntsaye masu ƙaura. Tekun Wadden kaɗai, tsakanin Holan da Jamus da Denmak, tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ke yada zango a cikinsa kowace shekara, da yawansu a kan hanyarsu ta zuwa gaɓar Afirka.

Duk da haka an yi ƙarnoni ana kallonta a matsayin ƙasar banza. Aka yi mata jinga aka janye ruwan aka yi gona, aka cike ta aka yi tashar jiragen ruwa, filin jirgin sama, juji. Mashigin San Faransisko ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na fadamunsa. A gabashin Amurka, zuwa ƙarshen shekarun 1930, kusan kashi 90 cikin 100 na fadamun da ke tsakanin jihohin Maine da Virginia an tsattsaga su da ramuka da sunan yaƙi da sauro, tabon yana nan har yau. A Koriya ta Kudu an rufe katangar Saemangeum mai tsawon kilomita 33 a Afrilun 2006, aka raba kimanin murabba'in kilomita 400 na laka da ruwa da teku, tsuntsaye dubbai suka rasa wurin kiwo. Bayan shekara biyu, a 2008, ƙasar ta karɓi baƙuncin babban taron Ramsar a Changwon. Na san a lokacin ba ke ce a kujerar ba. Na ambata ne don a tuna cewa ƙasa na iya sa hannu a yarjejeniya, ta yi wa wakilai liyafa, alhali injinan cike teku na aiki a ɗaya gefen.

Ɓarnar ba ta tsaya a tarihi ba. Masana NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun bi hotunan tauraron ɗan'adam daga 2000 zuwa 2019, suka ga duniya ta yi asarar fadamar gishiri da ta kai ninki biyu na girman Singafo, kashi 64 cikin 100 na asarar a Rasha da Amurka. Wata ɓarnar ma ba a ganinta daga sama. A Plum Island ta jihar Massachusetts an yi shekara tara ana zuba wa wasu ƙoramu sinadaran taki daidai da abin da ke gangarowa daga gonaki da magudanan gari. Ciyawa ta yi tsawo ta yi kore shar, mai wucewa zai ce lafiya ce ta ƙaru. Ashe da ta samu abinci a sama sai ta rage zurfafa saiwa, bakin ƙoramun ya riƙa tsagewa yana zubewa cikin ruwa. A Cape Cod, a wannan jihar dai, masu kamun kifi ne suka rage manyan kifaye da ke cin wata irin ƙaguwa, ƙaguwar ta yi yawa ta cinye ciyawar har laka ta fito tsirara.

Ranki ya daɗe, yanzu ga inda na dosa.

Tun ranar 2 ga Fabrairu 1971 da aka sa hannu a garin Ramsar na Iran, babban makamin yarjejeniyar nan shi ne layi a kan taswira. Ƙasa ta zana iyaka, ta miƙa sunan wurin, ya shiga jerin da yanzu ya haura wurare 2,500. Ga tafki ko fadamar cikin ƙasa wannan na iya wadatarwa. Ga fadamar gishiri kuwa, an zana iyaka ne ga abin da ke tafiya. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna teku na hawa da milimita 1.3 a shekara tsakanin 1901 da 1971, ya koma 3.7 tsakanin 2006 da 2018. Wani nazari na 2023 kuma ya ce da zarar hawan ya kai milimita 4 a shekara akwai yiwuwar fadama ta fara kasa riskarsa, idan ya kai 7 yiwuwar ta yi ƙarfi ƙwarai. Ke nan a bakin ƙofa muke. Fadamar za ta nemi ja da baya kamar yadda ta saba, ta tarar da jinga, ko titi, ko layin dogo, ko rukunin gidaje. Gaba kura, baya sayaki. Za ta riƙa sirancewa tsakanin teku da kankare har ta ɓace, alhali sunanta na nan daram a jerinku, ba wanda ya karya doka, ba wanda ya zuba ko tifa ɗaya ta ƙasa a cikin iyakar da aka zana.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai kama da gwara a gaɓar gabashin Amurka da ba ya sheƙa ko'ina sai a cikin wannan ciyawa, ɗan sama da laka kaɗan. Dole macen ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan su yi ƙarfin hawa ciyawa, duk a tsakanin babbar cikowar wannan wata da ta wata mai zuwa. Ƙarin 'yan santimitoci na ruwa ya isa ya nutsar da sheƙar. An auna yawansu na raguwa da kusan kashi 9 cikin 100 a shekara. Wuraren da yake zaune da dama suna da kariyar doka.

Lissafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani bincike na 2018. Idan ba a ƙara wa dausayin bakin teku wurin matsawa ba, duniya na iya rasa har kashi 30 cikin 100 nasa kafin 2100. Idan kuwa aka bar masa wuri isasshe, laka kuma ta ci gaba da zuwa kamar yanzu, yana iya ƙaruwa har da kashi 60. Teku ɗaya ne, hawa ɗaya ne. Abin da ya raba lissafin biyu shi ne abin da mutane suka yi da ƙasar da ke bayan fadama.

Saboda haka roƙona na farko shi ne ki sa nauyin ofishinki a kan wannan ƙasar ta baya. Na san ba ki da 'yan sanda, ba ki da kotu, ƙasashe fiye da 170 da ke cikin yarjejeniyar kowace mai cin gashin kanta ce. Amma kina da kwamitin masana na yarjejeniya, kina da takardar bayanan da ake buƙatar kowace ƙasa ta sabunta wa kowane wuri duk shekara shida, kina da kujera a gaban ministoci. Ki nema a mayar da shi ƙa'ida cewa duk wurin da ke da fadamar gishiri, takardarsa ta amsa tambayoyi a fili: mene ne a bayanta? Idan teku ya hau da rabin mita ina za ta koma, idan ya hau da mita guda fa? Wa ke da wannan ƙasar, kuma me aka ba da izinin ginawa a kanta? Sashe na 2.5 na yarjejeniyar ya bai wa ƙasashe damar faɗaɗa iyakar wuraren da suka riga suka miƙa. A ƙarfafa musu su yi amfani da shi ta ɓangaren tudu tun filin na gona ko makiyaya, kafin ya zama unguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu gwamnatin da za ta rushe otal da asibiti don ciyawa.

Sai laka. A nan ba sai na yi miki dogon bayani ba, ke da kika yi digirin digirgir a kan fadamar Kafue ta Zambiya, kika ga yadda madatsun ruwa suka sauya lokacin ambaliya da yanayin tsirrai. Abin da madatsa ke yi wa ruwa shi take yi wa laka, tana tare ta a can sama. Jihar Louisiana ce babban darasi. Bayan ambaliyar 1927 aka ƙarfafa jinga a gefen kogin Mississippi, lakar da a da ke bazuwa cikin fadamu ta koma wucewa kai tsaye zuwa zurfin teku, aka kuma tsattsaga fadamun da hanyoyin ruwa na kamfanonin mai da gas. Daga 1932 zuwa 2016 jihar ta rasa kimanin murabba'in kilomita 5,000 na ƙasa. A lokaci guda, tashoshin jiragen ruwa a duniya na yashe laka tan miliyoyi kowace shekara, da yawanta a kai ta can cikin teku a zubar kamar shara. Inda aka gwada aka tabbatar ba ta da guba, abincin fadama ne ake zubarwa. Ina so in ga ofishinki na tambayar ƙasashe ina lakar da suka yashe take zuwa, yadda yake tambayarsu yawan tsuntsaye.

Game da farfaɗowa, labari mai daɗi shi ne aikin ba ya buƙatar dabara mai wuya. Sau da yawa ba sai an dasa komai ba. A gina sabuwar jinga a can baya, a fasa tsohuwar, a bar teku ya shigo da laka da iri. A Medmerry da ke kudancin Ingila an yi haka a 2013: sabuwar jinga ta kilomita 7 a cikin tudu, kuɗi fam miliyan 28, hekta 183 na sabon wurin da teku ke shiga yana fita, gidaje fiye da 300 suka samu kariya. Ba a jima da gamawa ba guguwowin hunturun 2013 zuwa 2014 suka gwada aikin, ya tsaya. A tsibirin Wallasea, shi ma a Ingila, matsalar daban ce. Ƙasar da aka janye wa ruwa shekaru aru-aru takan bushe ta lotsa, ta koma ƙasa da matakin da ciyawa za ta iya kamawa, in aka fasa jinga haka nan tafki za a samu. Sai aka kwaso fiye da tan miliyan 3 na ƙasar da aka haƙo daga ramin sabon layin dogo na ƙarƙashin Landan, aka ɗaga filin da ita kafin a buɗe wa teku a 2015. A kogin Herring na Cape Cod kuma jingar da aka gina a 1909 ta busar da ƙasa har ta yi tsami ta riƙa kashe kifi. An fara aikin gyara a 2023, da ƙofofin da za a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, saboda akwai gidaje da hanyoyi da suka zauna a inda ruwa ke kaiwa a da.

Amma a nan ne tsorona yake, kuma shi ne roƙona mafi nauyi. Da zarar an ce ana iya farfaɗo da fadama, mai son cike ta ya samu hujja: bari in ci wannan, zan yi muku wata a can. Sashe na 2.5 ɗin nan da na yaba shi ne kuma ya yarda ƙasa ta rage iyaka saboda buƙatar ƙasa ta gaggawa, sashe na 4.2 ya ce ta yi ƙoƙarin musanyawa. Masana a Ingila sun kwatanta fadamun da aka farfaɗo da na asali a wani bincike na 2012, har da wuraren da teku ya fasa jinga da kansa shekaru masu yawa da suka wuce. Suka tarar tsirran ba su zama iri ɗaya ba, ko bayan gomman shekaru wasu nau'o'in ba su dawo yadda suke ba. Sabuwar fadama ta fi babu, nesa. Amma kabon da tsohuwa ta yi shekara dubu tana binnewa, ranar da aka tone ta ko aka busar da ita ya fara komawa iska, sabuwar ba za ta biya bashin ba a rayuwar jikokinmu. Ina roƙon ki faɗi wannan da bakinki, a kuma rubuta shi cikin jagororin yarjejeniya: farfaɗowa ta gyaran ɓarnar jiya ce, kada ta zama lasisin ɓarnar gobe.

Haka nan a yi hattara da kasuwar kabon, inda masu gurɓata iska ke biyan kuɗin kabon da aka binne a wani wuri don su cike gurbin nasu hayaƙin, wadda ke zawarcin fadamu yanzu. A Steart da ke Somerset a Ingila, inda aka fasa jinga a 2014, an auna taruwar kabon mai yawan gaske a shekarun farko, saboda mashigin Severn na da laka sosai. Abin murna ne. Sai dai wani ɓangare na irin wannan kabon tare da laka ya shigo daga wani wuri, ba ciyayin wurin ne suka zuƙo shi daga iska ba, kuma saurin taruwar kan ragu idan filin ya cika. Wanda ya sayar da alƙaluman shekarun farko kamar za su ɗore har abada ya yi algus. Ƙudurin da aka zartar a babban taron Ramsar na Dubai a 2018 kan kabon na bakin teku ya buɗe ƙofa, ofishinki ne ya kamata ya tsaya a bakinta.

A kuma daina gaggawar kawo baƙon iri. A 1979 Sin ta shigo da wata ciyawar fadama daga Amurka don ta riƙe gaɓa. Ta riƙe, ta kuma mamaye filayen laka da tsuntsaye ke kiwo, ta kori tsirran gida, har gwamnati ta ƙaddamar da shiri na ƙasa baki ɗaya don kawar da kashi 90 cikin 100 nata. Tsugune ba ta ƙare ba. Ita Sin ɗin dai ta cancanci yabo a wani gefen, domin a 2018 ta taƙaita cike teku sosai, dokarta ta kare dausayi kuma ta fara aiki a Yunin 2022.

Na bar mutane zuwa nan da gangan, don su ne ke sa aiki ya yiwu ko ya mutu. Filin da nake cewa a bar wa teku, gonar wani ce. Kakanninsa ne suka yi jingar da hannunsu, wataƙila akwai waɗanda ruwa ya ci a danginsa. Holan da yankin Flanders na Beljiyam sun yi yarjejeniya a 2005 cewa za a mayar wa kogin Scheldt filin Hedwige, sai a ƙarshen 2022 aka fasa jingar. Shekara 17 ana jayayya a majalisa da kotu, a lardin Zeeland inda ambaliyar 1953 ta fi ɓarna. Wanda ya kira waɗannan manoma jahilai bai fahimci komai ba. A Louisiana an aza harsashin wani babban aiki na karkato da ruwan Mississippi da lakarsa zuwa fadamun Barataria a 2023, da kuɗin diyyar malalar man da ta auku a mashigin tekun Meziko a 2010, sai ga shi an soke shi a Yulin 2025. Tsadar aikin na cikin dalilai, haka ma adawar masu kamun kawa da jatan lande da suka ga ruwan daɗi zai kashe musu sana'a. A ganina kimiyyar aikin na da ƙarfi, amma masuntan ba ƙarya suka yi ba game da abin da za su rasa.

A ɗaya gefen, a 2016 mazauna gundumomi tara da ke kewaye da mashigin San Faransisko sun kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 70 cikin 100 suka amince a ɗora musu harajin dala 12 a shekara kan kowane fili har shekara 20, kimanin dala miliyan 500, don farfaɗo da fadamu. An yi shekaru ana yi musu bayani, sun kuma ga tsofaffin tafkunan gishiri da aka saya a 2003 suna komawa fadama a gaban idonsu. Mutane na yarda idan an yi da su tun farko, aka biya diyya ta gaskiya a kan lokaci. Akwai ma hanyar da ba sai an tashi kowa yau ba: a biya mai gona yanzu, ya ci gaba da nomansa har ranar da gishiri ya iso, sharaɗin kawai ba zai yi gini ko katanga a wurin ba. Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba za su iya wannan da aljihunsu ba, kuma a gaɓoɓinsu ne taswirar fadama ta fi rauni. Tun da duniya ta yi alkawari a Montreal a Disamban 2022 cewa za a sa kashi 30 cikin 100 na wuraren da suka lalace a hanyar farfaɗowa kafin 2030, ki matsa a bar kuɗin su sayi fili da yarjejeniya da masu gona. Masu ba da tallafi sun fi son aikin da za a yanke masa kirtani a ɗauki hoto, filin da aka hana ginawa kuwa ba shi da abin nunawa sai bayan shekara talatin.

Abu na ƙarshe. Yarjejeniyarku na da kundin Montreux tun 1990, inda ake sa wuraren da yanayinsu ya sauya ko yake shirin sauyawa, sashe na 3.2 kuma ya wajabta wa ƙasa ta kawo rahoto idan hakan ta faru. Na san ba a sa wuri a kundin sai ƙasar ta yarda, na kuma san gwamnatoci na kallonsa kamar allon masu laifi. Fadamar da ta makale tsakanin teku mai hawa da katangar da mutum ya gina, yanayinta na shirin sauyawa, ko da yau ciyawarta kore ce. Ina roƙon ki rubuta wa ƙasashen da ke da irin waɗannan wurare, ki gayyace su su kawo rahoto da kansu, ki yi musu tayin tawagar ba da shawara tun kafin a fara ƙirga asara. Kuma kafin babban taro na gaba, ki sa a wallafa jerin wuraren Ramsar masu fadamar gishiri da ke nuna waɗanda ke da wurin ja da baya da waɗanda ba su da shi, kowa ya iya buɗewa ya duba na ƙasarsa.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya yi miki jagora a wannan aiki.

Naki cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar lamuran muhalli